Ruwa A Ƙarƙashin Kafet: Yadda Ake Bin Sawun Yoyon Da Ke Shiga Mota Ta Hanyar Iskar AC

Wanda ya sayi mota 'yar Beljiyam a watan Janairu ko Fabrairu yakan samu wata huɗu ko biyar na kwanciyar hankali. Inji lafiya lau, AC na busa sanyi, rediyo na haɗuwa da waya ta Bluetooth, ba abin da zai sa ya zargi komai. Sai damina ta kankama. Wata safiya cikin Agusta, bayan an kwana ana tafka ruwa, ya buɗe ƙofa wani wari ya tarye shi, irin na tsumman da aka jiƙa aka manta a bokiti. Gilasai sun yi gumi ta ciki alhali a rufe suka kwana ruf. Abokin da ya shiga kujerar mai zaman banza ya ɗaga ƙafa ya ga takalminsa ya jiƙe sharkaf.

Abin da yawancin masu mota ke yi a nan sananne ne. A sa tsumma a tsane, a bar ƙofofi a buɗe a rana, a rataya turaren mota, a ci gaba da harka. Ruwa na gaba ya sauka, abu ya dawo. Bayan sati uku ko huɗu sai a fara ganin abin da ya fi wari tayar da hankali: fankar AC ta koma ba ta aiki sai a lamba ta ƙarshe, gilashin ƙofa ya sauka da kansa cikin dare, rimot ya daina buɗe mota, batir ya wayi gari a mace ba tare da an bar fitila a kunne ba. A lokacin ne ake garzayawa wurin rewaya, a canza fiyus, a canza batir, wani lokacin har a sayi wata ƙwaƙwalwar motar, alhali ramin da ruwan ke bi yana nan ba wanda ya leƙa shi.

Motocin da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa yau cike suke da ƙananan kwamfutoci, kuma wasu kamfanoni sun ajiye su a wuri mafi ƙasa a cikin motar, wato ƙarƙashin kafet ko kujera. Duk wanda wayarsa ta taɓa faɗawa cikin ruwa ya san abin da ke biyo baya.

Ta ina iskar mota take shiga?

Da yawa sun ɗauka iskar da ke fitowa daga dashbod ta hancin mota take shiga, ta wajen lagireto. Ba haka ba ne. A kusan duk ƙananan motoci, ƙofar iskar tana gindin gilashin gaba, ƙarƙashin baƙin faifan roba mai ramuka wanda waifa ke kwanciya a kansa. An zaɓi wurin ne domin idan mota na gudu iska na taruwa a gindin gilashi da ɗan ƙarfi ta tura kanta ciki, kuma ya fi hancin mota nisa da hayaƙin salansar motar da ke gaba.

Sai dai inda iska ke taruwa nan ne ruwa ma ke taruwa. Duk ruwan da ya sauka a gilashi, da wanda ya gangaro daga gaban rufi, a nan yake ƙarewa. Lissafin ba shi da wuya: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne cif. Gilashin gaba da ɗan gaban rufin sun haura murabba'in mita 1, don haka ruwan milimita 25 ko 30, wanda ba baƙon abu ba ne a Kano ko Zariya cikin Agusta, zai iya aika wa gindin waifa abin da ya kai jarkar mai ga-ruwa guda.

Masu ƙera mota sun san da wannan. Ƙarƙashin faifan robar akwai wani kwarmi na ƙarfe da ya miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, bari a kira shi kwarmin waifa. Bakin ƙofar iska a ɗage yake sama da gindin kwarmin kamar dokin ƙofa, sau da yawa da ɗan murfi a kansa, sa'annan akwai magudanai a gefe biyu ko ta ƙasa da ke zubar da ruwan bayan tayoyin gaba. Tsarin soro ne da indararo. Muddin indararo na zuba, ɗaki a bushe yake. Ranar da ya toshe, ruwa ya kwanta a kan rufi ya nemi hanya da kansa.

Abin da ke toshe shi a Arewa ba ɓoyayye ba ne. Mota ta shafe rani a inuwar darbejiya ko mangwaro, ganye da fure da 'ya'yan itace na sulalewa ta gefen bonet, ƙurar hunturu na zama a kansu. Ruwan farko ya kwaɓa su su zama laka, rana ta fito ta gasa lakar ta koma kamar tubali a bakin magudana. Wasu motocin ma da nasu ruɓaɓɓen ganyen suke isowa tun daga Turai ko Amurka, domin ba mai buɗe wurin kafin ya loda mota a jirgin ruwa. Idan ruwa ya cika kwarmin ya tsallake dokin ƙofar, sai ya sauka a kan filtar iska a motocin da ke da ita, daga nan ya faɗa wa fanka, daga fanka ya ɗigo ƙasa. A motocin da sitiyarinsu ke hagu, irin waɗanda ake tuƙawa a Nijar da kuma Najeriya tun da ta koma tuƙin hannun dama a 1972, fankar galibi tana bayan akwatin dashbod da ake ajiye takardun mota. Shi ya sa ƙafar fasinja ce ke fara jiƙewa.

Ruwa uku ne, ba ɗaya ba

Kafin a kwance ko noti ɗaya, sai an tabbatar ruwan saman ne. Ruwa iri uku ne ke iya ɗigowa daga wuri guda a ƙarƙashin dashbod, kuma kowanne da maganinsa.

Na farko ruwan AC ne da kansa. A cikin dashbod akwai wani ƙaramin lagireton sanyi wanda masu gyaran AC ke kira ebaforeta. Iska mai laima na ratsa shi sai ya yi raɓa kamar kwalbar lemon da aka fito da ita daga firji, ruwan ya taru a ƙasansa ya fita ta wani ɗan tiyo zuwa ƙarƙashin mota. Wannan shi ne ɗigon da ake gani a ƙasa idan mota ta tsaya AC a kunne, kuma lafiya ce, ba lalacewa ba. Idan tiyon ya toshe ko ya zame daga mazauninsa, ruwan cikin mota zai koma. Gwajinsa mai sauƙi ne: a rana mai laima wadda ba a yi ruwa ba, a kunna AC minti 15 zuwa 20 a leƙa ƙasa. In ba ɗigo a waje, kafet kuma na ƙara jiƙewa da ruwa mai sanyi marar launi, ko ana jin ruwa na kaɗawa a dashbod idan an sha kwana, to hadari bai da laifi.

Na biyu ruwan lagireto ne. Hitar mota da ruwan inji mai zafi take aiki, ta wani ƙaramin lagireton da shi ma yake cikin dashbod. Idan ya huje, ruwan na zuwa da launi kore ko ja-ja, da santsi a yatsa, da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, yana kuma barin maiƙo a cikin gilashin gaba. Kada a ɗanɗana, guba ne. Sai dai akwai wani abu a nan: masu mota da yawa ruwan famfo zalla suke ɗura wa lagireto, don haka ba launi ba ƙamshi, sai dai ruwa mai ɗumi da jan tsatsa. A irin wannan hali shaidar da ta fi ƙarfi ita ce robar ruwan lagireto. A yi mata alama da maka inji na sanyi, a duba bayan kwana biyu ko uku. In tana raguwa, an samu mai laifi.

Na uku shi ne ruwan sama, kuma alamarsa ita ce yana bin hadari ko wankin mota, ko an tuƙa motar ko ba a tuƙa ba. Yana da kyau mai mota ya buɗe manhajar rubutu a wayarsa ya riƙa ajiye bayani na sati guda: yaushe aka yi ruwa, an kunna AC ko a'a, ina hancin motar ya fuskanta, gangare take ko shimfiɗe, wane gefe ya jiƙe. Abin kamar wasa, amma layi biyar na irin wannan bayani sun fi awa guda ana gardama a gareji.

Darasin Passat

Motar da ta fi shahara da wannan ciwo ita ce Volkswagen Passat ƙirar B5, wadda aka ƙera daga 1996 zuwa 2005, da 'yan uwanta masu tsari iri ɗaya, Audi A4 da A6 na wancan zamani da Skoda Superb ta farko. A waɗannan motoci batir a cikin kwarmin waifa yake zaune, kuma magudanan suna wuraren da ido ba ya kaiwa: ɗaya ƙarƙashin batir, ɗaya ƙarƙashin tukunyar da ke ƙara wa birki ƙarfi. Kowace tana da bakin roba a matse wanda ɗan ganye kaɗan ke isa ya rufe shi. Da zarar sun toshe, kwarmin ya zama tafki, ruwa ya bi ta gindin gidan filtar iska, wadda robar da ke ƙasanta takan bushe ta saki idan shekaru suka ja.

Abin da ya sa ta'asar ta yi yawa shi ne abin da ke jiran ruwan a ƙasa. Kwamfutar da ke kula da makullin ƙofofi da gilasai da ƙararrawar ɓarayi tana ƙarƙashin kafet a gefen hagu na gaba, a cikin wani akwatin roba. Masu giya otomatik kuma kwamfutar giyarsu ita ma a ƙarƙashin kafet take a gaba. Ruwa ya kwanta a kan wayoyin lantarki da mahaɗansu, su yi koren tsatsa, sai mota ta fara abin da wani zai ce aljanu ne: ta kulle kanta, ta buɗe gilashi, ta maƙale a giya ɗaya. A Amurka maganar har kotun tarayya ta kai a jihar New Jersey, inda masu motocin Volkswagen da Audi suka haɗu suka yi ƙara kan ruwan da ke shiga ta magudanan kwarmin waifa da na tagar rufi, aka kuma amince da sulhu a 2010 wanda ya shafi miliyoyin motoci.

Ba Volkswagen kaɗai ke da kwarmin waifa ba. Toyota, Honda, Peugeot, Mercedes, kowacce na da nata, kowacce kuma na toshewa. An kawo Passat ne domin ta nuna a fili yadda ganyen da bai cika tafin hannu ba ke kashe kayan lantarki masu tsada.

Bin sawu da tiyo da waya

Masu rubuta manhaja suna da wata ƙa'ida da ta dace da wannan aiki: matsalar da mutum bai iya sa ta faru da gangan ba, bai san ta ba tukuna, kuma ko ya ce ya gyara ba shi da hanyar tabbatarwa. Jiran hadari ba bincike ba ne. Ruwan sama a lokaci guda yake dukan ko'ina, ba zai nuna ƙofar da ya bi ba. Dole a kawo ruwan da hannu, wuri ɗaya bayan ɗaya.

Da farko a shirya ciki. A cire tabarmar ƙafa, a kwance faifan da ke ƙasan akwatin dashbod, a ɗage bakin kafet, a tsane wurin sosai. A haska fitila a duba bangon ƙarfen da ya raba inji da cikin mota. Ƙura na taimakawa ƙwarai: ruwan da ya taɓa gangarowa yakan bar layi a cikinta kamar sawun maciji a yashi. In ba a ga komai ba, a barbaɗa hodar jarirai ko garin alli a wuraren da ake zargi, ko a manna tishu, domin ɗigo ɗaya ma zai bar shaida.

Gwajin farko da gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi ake yi. A tuttule ta a kusurwar faifan waifa ta dama, a sunkuya a kalli bayan tayar gaba. Idan magudana lafiya take, cikin daƙiƙoƙi kaɗan ruwa zai zubo da ƙarfi. In ya fito ɗis-ɗis, ko baƙi ƙirin da laka, ko bai fito ba sam, rabin binciken ya ƙare. A maimaita a hagu.

Gwaji na biyu da tiyo ne marar kai, ruwa na gudu a hankali kamar ana ba shuka, ba injin wankin mota mai feshi ba. Feshin mai ƙarfi yana cusa ruwa inda ruwan sama ba ya shiga, ya sa a gyara abin da bai lalace ba. Ana farawa daga ƙasa a hau sama: gindin ƙofa, kwarmin waifa, ƙasan gilashi, gefen gilashi, samansa, sai rufi a ƙarshe. Dalilin a fili yake. In aka fara daga rufi, ruwan zai ratsa duk wuraren da ke ƙasa, ba a san wanne ya yi yoyo ba. Kowane wuri a ba shi minti biyar zuwa goma, domin wani yoyon sai kwarmi ya cika kafin ya fara. Gaggawa a nan ita ke ɓata aikin.

A al'ada mutum biyu ake bukata, ɗaya na zuba ruwa ɗaya na kwance a ciki da tocila. Wanda ke shi kaɗai wayoyi biyu sun isa. A saka ɗaya a farar leda, a jingine ta a ƙasan dashbod tana kallon sama tare da tocila a gefenta, a kira ta da bidiyo ta WhatsApp daga ta biyun, sai mai tiyo ya riƙa kallon cikin motar yana tsaye a waje. In data ta yi ƙaranci, ɗaukar bidiyo ma ya wadatar, muddin an rubuta lokacin da aka koma kowane wuri don a daidaita da bidiyon daga baya. A inuwa ake wannan. Waya na ɗaukar bidiyo a rufaffiyar mota cikin rana ba ta daɗewa take zafi ta kashe kyamara.

Inda waya ba ta shiga, akwai kyamarar leƙe da ake kira endoskop: doguwar igiya mai ƙaramin ido a baki, faɗin milimita 5.5 ko 7 ko 8, da 'yan fitilu kewaye da shi, ana haɗa ta da wayar Android ta ramin caji. Da ita ake leƙa cikin kwarmin waifa ba tare da an kwance komai ba, a leƙa bakin magudana, a zura ta ta gidan filta a ga ko akwai laka ko tsatsa a fikafikan fanka. Kafin a saya a tabbatar wayar na karɓar OTG, kuma wasu wayoyin sai an shiga saiti an kunna shi da hannu. Masu iPhone galibi sai irin wadda ke haɗuwa ta Wi-Fi ko wadda aka yi musamman dominta. Mai igiya mai ɗan tauri ta fi mai laushi, domin mai laushin ba ta zuwa inda aka nufa. Kada lambobin da aka rubuta a kwali su ruɗi kowa, masu arha da yawa hotonsu bai wuce na tsofaffin wayoyi ba, amma ya isa a bambance ganye da ƙarfe. Wani abin lura: manhajar da ke zuwa da irin waɗannan kyamarori wani lokacin takan nemi izinin lambobin waya da wurin da mutum yake. Leƙa magudana ba ya bukatar ko ɗaya, a hana ta.

Ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da duk binciken: inda ruwa ya ɗiga ba nan ya shigo ba. Yakan bi igiyar lantarki ko lanƙwasar ƙarfe ya yi tafiyar kamu biyu ko uku kafin ya saki. A bi danshin zuwa sama har wurin da ya fi kowanne tsayi, sama da shi kuma a bushe. Nan ce ƙofar.

Idan kwarmin ya fita da gaskiya

Wani lokacin magudanai a buɗe suke tas amma ruwa na shiga. Wanda ya kamata a fara tuhuma shi ne aikin da aka yi wa motar na baya-bayan nan. An canza gilashin gaba? Mai yiwuwa gam ɗin bai kama ko'ina ba, ko kuma ba a mayar da faifan waifa cikin mazauninsa a gindin gilashi ba, ko an karya maƙalansa, sai ruwa ya riƙa zuba kai tsaye a bakin ƙofar iska. Rana ma na tsattsage wannan faifai. An canza filta an bar murfinta a karkace? Shi ma ya isa.

Sai kayan ƙawa, wanda a nan matasa suka fi faɗawa. Amfilifaya da wufa, na'urar bin sawun mota, ƙarin fitilu, hon mai ƙara, duk suna bukatar igiya daga batir ta ratsa bangon inji zuwa ciki. Hanya mafi sauri ita ce a soke zoben robar da manyan wayoyi ke bi da sukundireba, a zura igiya, a tafi. Igiyar da ta gangaro daga sama ta shiga rami ta zama hanyar ruwa. Maganin shi ne a lanƙwasa ta ta sauka ƙasa da ramin sa'annan ta hau ta shiga, ruwan ya ɗige a gindin lanƙwasar, a kuma toshe kewayenta. Haka ledar da ke manne a bayan faifan ƙofa: mai saka sifika yakan yage ta ya yar, alhali ita ke mayar da ruwan da ya bi gilashi cikin ƙofa ya fita ta ƙasa. Masu tagar rufi kuma suna da ƙananan tiyo a kusurwoyi huɗu, na gaban suna sauka ta ginshiƙan gefen gilashi, kuma idan suka toshe ko suka zame a ƙafar direba ko fasinja suke zubarwa.

Gyaran

A ɗauki hoto kafin a taɓa komai, a kuma ɗauka a kowane mataki. A manna salatif a gilashi daidai inda waifa ke kwanciya domin a mayar da su yadda suke. A kwance notocin waifa, a ɗage faifan a hankali, tsohuwar roba ba ta da haƙuri. Lakar da ganyen da hannu ake kwashe su a fitar waje, ba a tura su cikin magudana da ruwa ba. Bakin magudanar a bi shi da abu mai lanƙwasa marar kaifi, kamar bawon igiyar birkin keke. Wayar ƙarfe ko tsinken tayar babur na huda tiyo ko kankare fenti, tsatsa ta samu wurin zama. Iskar mai faci ma a yi hattara da ita, musamman a tiyon tagar rufi, domin tana iya fizge shi daga mazauninsa a can cikin ginshiƙi, ƙaramin aiki ya zama babba.

In dole sai an cire batir, kamar a Passat, kan da ke da alamar ragi ake fara kwancewa, shi kuma ake ɗaurawa a ƙarshe. Wasu tsofaffin rediyoyi na neman lambar sirri bayan an cire batir, a nemo ta tukuna. Duk mahaɗin wayar da aka gani mai launin rawaya na eyabag ne, balan-balan ɗin da ke kumbura lokacin haɗari, ba wurin gwaji ba ne.

Idan robar gindin gidan filta ce ta mutu, sabuwa ta fi komai. In ba a samu ba, gam mai danƙo irin na butil, wanda ba ya bushewa ƙau, ko gam ɗin foliyuretan da masu gyaran jikin mota ke shafa wa mahaɗar ƙarfe, su ne suka dace, bayan an wanke wurin an busar. Silikon ɗin banɗaki mai warin tsami da ke hawa hanci bai dace ba: asid yake fitarwa yayin bushewa, yana sa ƙarfe tsatsa, fenti ba ya kama shi, wani gam ɗin ma ba ya zama a kansa in an zo sake gyara. Mafi muni shi ne a bi duk ramin da aka gani a toshe. Wasu ramukan su ne indararon.

Akwai kuma shawarar da ake yawan ji a bakin titi, wai a huda ƙasan motar ruwan ya riƙa fita. Ramin da ruwa ya fita ta nan zai shigo ranar da aka ratsa kududdufi, ga ƙura ga hayaƙi, ga tsatsa da za ta ci daga bakin hujin. Motoci da yawa suna da toshiyar roba a ƙasansu tun daga kamfani, ana iya cire ta a tsiyaye ruwa a mayar.

Busarwa, wadda ita ake rainawa

Kafet na yaudara. Samansa zai bushe cikin awa biyu a rana, amma soson da ke ƙasansa na iya riƙe litoci na makonni. Sai an cire faifan dokin ƙofa, an ɗage kafet ɗin an tokare shi da katako, an matse soson da tawul ko injin zuƙar ruwa, an sa masa fanka kwana biyu zuwa huɗu gwargwadon laimar gari. In an bar shi da danshi, fumfuna za ta kama, AC ta riƙa hura ta a fuskar mutane, abin da ke da haɗari ga mai asma da ƙananan yara. Gilashin da ke gumi ta ciki cikin dare ana ruwa shi ma ba ƙaramin haɗari ba ne ga mai tuƙi. Filtar da ta jiƙe ba a shanya ta a mayar, canzawa ake yi.

Kayan lantarkin da suka sha ruwa kuwa, a cire batir, a zare mahaɗansu, a duba ko akwai kore ko fari a kan fil ɗin, a wanke da sinadarin goge mahaɗar lantarki ko barasar isofurofil da masu gyaran waya ke amfani da ita, a bari su bushe sarai kafin a ba su wuta. Shinkafa ba ta da aiki a nan, kamar yadda ba ta da shi a wayar da ta jiƙe, har kamfanin Apple ya rubuta a shafinsa na taimako cewa kada a saka iPhone a cikinta. Fankar da ke aiki a lamba ta ƙarshe kaɗai galibi razistar da ke rage mata gudu ce ta mutu, ba fankar ba, kuma ita ta fi arha nesa ba kusa ba.

Ƙaramar na'urar OBD mai Bluetooth, irin ELM327, tare da manhaja kamar Torque ko Car Scanner, na iya karanta lambobin kuskure ta ramin mai fil 16 da ke ƙasan sitiyari, wanda ya zama dole a motocin Amurka tun 1996, a motocin fetur na Turai kuma tun 2001. Sai dai masu arhan galibi inji kawai suke gani. Kwamfutar ƙofofi da gilasai sai na'urar da ta san yaren kamfanin, kamar VCDS ga motocin Volkswagen da Audi. A ɗauki hoton lambobin kafin a goge su, kuma kada a bar na'urar a maƙale, ramin yana da wuta ko mota a kashe take, tana iya shanye batir.

Kafin a mayar da kafet, a maimaita gwajin tiyo a daidai wurin da ya yi yoyo, na tsawon lokacin da ya ɗauka da farko ko fiye, a kuma gwada motar a gangaren da ta saba kwana. Daga nan a shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙarƙashin tabarmar ƙafa, a duba ta bayan kowane ruwa har sau uku. In jarida ta zauna a bushe amma lambobin kuskuren da aka goge suka dawo, ba sabon yoyo ba ne. Tsatsa ce ta riga ta shiga wata mahaɗa a cikin ƙunshin wayoyin da ke ƙasan kafet, sai rewaya ya warware naɗin ya yanke wurin da ya yi kore ya haɗa da dalma.